Yadda ake gyara hob ɗin taya idan tiredinsa ya cinye

Wani direban Golf mai jigila tsakanin Kano da Zariya ya shigo garejinmu gab da la'asar, ya ce tayar gaba ta hagu tana yi masa ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na tsuguna na ɗora wil-sifana a kan bol na farko, ya riƙe. Na biyu ma ya riƙe. Na uku kuwa sai juyawa yake yi kawai, ba ya shiga ba ya tsayawa. Da na zaro shi sai ga wasu siraran ƙarafa a nannaɗe a jikinsa kamar gashi. Haƙoran cikin hob ɗin, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, su ne suka biyo shi waje.

Na ce, "Malam, tun yaushe yake haka?"

Ya ce, "Wallahi Oga, tun ranar Talata da aka yi min faci. Yaron ya zura fayif a sifanar ya hau kai da ƙafa, na ji wani ɗan ƙas, ya ce ai ɗauruwa ce ya yi."

Kwana huɗu yana ɗaukar mutane a kan bol uku. Tiredi, wato haƙoran nan da suka zagaye bol da cikin raminsa, su ne duk abin da ke riƙe taya a jikin mota, don haka gyaransu ba irin gyaran notin kujera ba ne. Akwai wanda ake gyarawa, akwai wanda sauya hob ne kaɗai maganinsa, kuma rabin aikin shi ne mutum ya gane wanne ne a gabansa.

Fara da sanin irin motarka

Motoci iri biyu ne a nan. Na Japan, irin su Toyota, Honda da Nissan, suna da sitod, wato ƙarafa masu tiredi da ke tsaye a jikin hob, ana ɗora taya a bi da noti. Na Turai kuwa, Volkswagen, Audi, Mercedes, BMW da yawancin Opel da Peugeot, ba su da sitod. Ramuka ne masu tiredi a jikin hob ɗin kansa, bol yake shiga ciki. A mai sitod, idan tiredi ya mutu, sitod ɗaya za ka cire ka sa wani, aiki mai sauƙi da araha. A mai bol kuwa ɓarnar tana jikin hob, kuma a nan aikin yake.

Sai girman tiredin. Corolla, Camry da Honda suna amfani da M12x1.5, ma'ana kaurin milimita 12, tazarar haƙori da haƙori milimita 1.5. Nissan da Peugeot M12x1.25 ne. Golf 3 mai bol huɗu M12x1.5, Golf 4 mai bol biyar M14x1.5. Ka lura da na Peugeot da na Golf 3: kaurinsu ɗaya, da ido ba ka raba su, amma tazarar haƙoransu daban. Bol ɗin Peugeot zai shiga ramin Golf zagaye ɗaya ko biyu lafiya, daga nan ya cije, wanda bai sani ba ya ci gaba da matsawa har ya nike haƙoran. Ramuka da yawa da na gani sun mutu, ta nan suka mutu. Idan kana shakka, haɗa tsohon bol da sabo gefe da gefe, haƙoran wannan su shiga tsakanin na wancan, ka ɗaga su ga haske. In haske yana ratsawa, ba iri ɗaya ba ne.

Wasu manyan motoci irin su Canter suna da notin da ake kwancewa ta baibai a tayoyin ɓangaren hagu, galibi da harafin L a kan sitod ɗin. Mai kwancewa yadda ya saba, ɗaurewa yake ƙara yi.

Ɗaga motar, ka duba ɓarnar da idonka

Ajiye motar a wuri mai tauri da ya miƙe, ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare tayar da ke ɗaya kusurwar da dutse ko katako. Sassauta bol-bol ɗin tun taya tana ƙasa, sannan ka ɗaga da jak. Kada ka yi aiki motar tana kan jak kaɗai. Sa mata ƙarfen tokara, in babu ka jera katako mai kauri a ƙarƙashin shasi. Bulon siminti yana fashewa ba tare da ya yi sallama ba. Tayar da ka cire ma ka tura ta ƙarƙashin motar.

Wanke ramin da fetur ko kananzir da ƙaramin buroshi, ka haska shi da tocila. Abu uku za ka iya gani.

Ko dai haƙora biyu ko uku na bakin ramin ne suka kwanta, sauran na ciki suna tsaye da kaifinsu. Wannan yakan faru idan an sa bol a karkace. Ko kuma haƙoran sun tafi gaba ɗaya, ramin ya yi sumul yana ƙyalli. Ko ka ga tsaga ta tashi daga bakin ramin, ko ramin ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira saboda an daɗe ana tafiya da taya tana rawa. Na ukun nan babu gyara. Haka kuma idan ramin da ya mutu ya wuce ɗaya. Ni dai ba na gyara rami biyu a hob guda, ko mai mota ya roƙe ni.

Duba sauran ramukan ma, don wanda ya hau kan bol ɗaya da fayif ya hau kan sauran. Sa sabon bol a kowanne da hannu, ka jijjiga shi. In yana lilo sosai bayan ya shiga zagaye biyar ko shida, wannan ramin ma yana hanya.

Idan bakin ramin ne kawai ya taɓu

Abin da ake buƙata shi ne tab, ƙarfen nan mai yanka tiredi, na daidai girman ramin. Cire kalifar birki, wato abin da ke matse faifan birki, ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kada ka bar ta tana reto a kan tiyon mai. Cire faifan birkin don ka ga fuskar hob sosai. A Golf ƙaramin sukuru ɗaya ne ke riƙe faifan.

In akwai sarari ta baya, shigar da tab ɗin ta bayan hob, inda haƙoran suke da lafiya, don su ja shi a kan tsohuwar hanya har ya fito ta bakin da ya lalace. In dole ta gaba ne, fara da yatsu, ba da sifana ba. Ɗiga mai, juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa mazauninsa, sannan ka yi gaba. Rabin zagaye gaba, kwata baya, don garin ƙarfen ya karye ya fita. Idan ya yi tauri tun zagayen farko, ya hau sabuwar hanya ke nan, fito da shi ka sake. Wanda ba shi da tab yana iya ɗaukar tsohon bol mai lafiya ya tsaga masa layi biyu ko uku a tsaye da zarto, ya yi amfani da shi. Wannan ma ya fi tausayin haƙoran, don miƙe su yake yi, ba ya cin ƙarfe da yawa.

Da ka gama, wanke man tas, ka sa sabon bol. Tab ba ya dawo da ƙarfen da ya tafi, abin da ya rage kawai yake tsarawa. Saboda haka gwajin gaskiya shi ne lokacin ɗauri: in bol ya kai ma'auninsa ya tsaya cak, an dace. In ka ji ya yi laushi a hannu kafin ya kai, ramin ya mutu, ka wuce zuwa sashen sa masa sabon tiredi ko na sauya hob.

Sauya sitod

Ga masu Toyota da Honda da 'yan uwansu. Bayan cire kalifa da faifai, juya hob har sitod ɗin da ya lalace ya saitu da gurbin da ke bayansa, inda zai sami hanyar fita. An fi so a tura shi da abin matsewa irin na cire bol-joyin. In guduma za ka sa, duka biyu ko uku masu kyau sun isa, domin kowane duka yana sauka a kan boris ne, kuma yawan bugu yana sa shi fara kuka bayan 'yan makonni.

Tafi da tsohon kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka gwada da sabon. Ban da tsawo da tiredi, dubi wuyansa mai zane-zane, wanda ke cije ramin hob. In wuyan ya yi siriri, sitod zai riƙa juyawa tare da noti, ranar da ka yi faci a hanya ka kasa cire taya.

Zura sabon ta baya. Ta gaba ka jera washa huɗu ko biyar masu kauri, ka shafa ɗan giris a tsakaninsu, ka ɗaura noti mai buɗaɗɗen kai, shimfiɗaɗɗiyar fuskarsa tana kallon washa. Ɗaura da hannu a hankali, sitod zai riƙa shigowa har kansa ya zauna daram a bayan hob. Leƙa ka tabbatar ko takarda ba za ta shiga tsakaninsu ba. Notin da ka ja da shi ya gama aikinsa, jefar da shi, ka goge giris ɗin da ya taɓa tiredi. A wasu Honda babu gurbin fitar sitod a gaba, sai an cire hob. Kada ka yarda a gurza kan sitod ɗin da injin gurza don ya wuce, kan nan shi ke hana shi zarewa.

Rami ɗaya ya mutu gaba ɗaya: sa masa sabon tiredi

Masu ƙera motoci sauya hob suke cewa a yi, kuma in da hali shi nake zaɓa wa kowa. Amma idan rami ɗaya ne tak, hob ɗin ba tsaga, boris ɗinsa lafiya, ana iya faɗaɗa ramin kaɗan a dasa masa sabon tiredi na ƙarfe a ciki. Iri biyu ne. Akwai mai kama da sifirin, na waya mara tsatsa, wanda aka fi sani da Helicoil. Akwai kuma dunƙulallen bututu mai tiredi ciki da waje, irin Time-Sert. Ga taya na fi natsuwa da dunƙulallen, saboda bol ɗin taya ana yawan kwance shi ana ɗaurawa, kuma na waya yakan biyo bol ya fito wata rana. Sai dai na wayar ya fi samuwa, kuma in an sa shi daidai yana riƙewa.

Ana sayar da su a kwali ɗaya da bakin huji, da tab na musamman, da abin sakawa. Tab ɗin nan ya fi na yau da kullum kauri, ba a musanya su. Bakin hujin na M12x1.5 yana wajen milimita 12.4, na M14x1.5 wajen 14.4, amma ka yi aiki da wanda ya zo a kwalin.

Na farko, auna kaurin leɓen hob ɗin a inda ramin yake. Abin da za ka dasa kada ya fi wannan kaurin tsawo, don in ya leƙa ta baya zai taɓa wani abu, in ya leƙo ta gaba faifan birki ba zai zauna daidai ba.

Na biyu, rufe bayan hob da tsumma. Motocin da ke da ABS, tsarin da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, suna da na'urar da ke karanta juyawar taya a wajen, tana da maganaɗisu, garin ƙarfe yana manne mata ya kunna fitila a dashbod.

Na uku shi ne huji, kuma a nan ake cin nasara ko a yi asara. Dole ramin ya tafi a miƙe sak. In ya karkata ko kaɗan, kan bol ɗin ba zai zauna a mazauninsa na rim ba, gefe ɗaya zai ɗauki nauyi, ya riƙa sassautowa ko ya karye. Mafi kyau a kai hob ɗin wajen mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya huda a injin tsaye. In a jikin mota za a yi, sami guntun ƙarfe ko katako mai tauri da aka riga aka huda a miƙe, ka manna shi a fuskar hob ya zama jagora. Ka sa yaro ya tsaya a gefe yana kallon bakin hujin, kai kana kallo ta sama. Injin ya juya a hankali, da mai, ba dannawa da ƙarfi. Ƙarfen da za a ci kaɗan ne, sauran haƙoran da suka mutu kawai ake sharewa, kuma bakin yakan fizge idan ya kusa fita, ka riƙe da hannu biyu.

Na huɗu, yanka sabon tiredi da tab ɗin kwalin. Zagaye biyu na farko su ne komai: tsaya, ka duba ta sama da ta gefe ko yana tsaye. Daga nan rabi gaba, kwata baya, da mai, har ya ratsa. Kada ka sa shi a injin huji.

Na biyar, wanke ramin har tsumma ya fito fari, ka bar shi ya bushe.

Na shida, dasawa. Na waya yana da ɗan harshe a ƙarshensa ɗaya. Wannan ɓangaren ne ke fara shiga. Ɗora shi a abin sakawa, ka murɗa a hankali ba tare da turawa ba, shi da kansa zai bi hanya. Tsaya idan ƙarshensa ya nutse kwata ko rabin zagaye ƙasa da fuskar hob. Sa ɗan sandan ƙarfen da ke kwalin a kan harshen, duka ɗaya, ya karye. Nemo guntun harshen ka fitar, kada ya faɗa cikin birki. In ka ga waya ta tsallake haƙori, jawo ta da filaya ka sa sabuwa, ba a gyara ta a ciki. Dunƙulallen kuwa ana fara yi masa ɗan mazauni a bakin ramin da abin da ya zo da shi, a murɗa shi ciki, abin sakawar ya buɗa ƙarshensa ya cije.

Na bakwai, sa sabon bol da yatsu. Ya kamata ya shige har ƙarshe ba gardama. Ɗiga ɗan fenti kusa da ramin, kuma ka gaya wa mai motar wanne ne, don ya riƙa sa ido a kansa.

Abubuwa uku da ake yi a bakin titi, kada ka bari a yi maka. Walda bol a jikin hob: zafin yana kashe ƙarfin ƙarfen, ya narkar da giris ɗin boris. Cusa bol mafi kauri da ƙarfin tsiya: yana iya tsaga leɓen hob, kuma kansa ba zai dace da rim ba. Naɗa waya, zare ko leda a jikin bol don ya kama: zai yi kamar ya ɗauru, ramin farko a kan titi zai sake shi.

Sauya hob

A bayan Golf 3 tiredin yana jikin gangar birki ne ko faifan, don haka ita za ka sauya, aiki mai sauƙi. A gaba kuwa an matse hob a cikin boris, kuma cire shi kusan kullum yana lalata boris ɗin, ka sayi biyun tare. A matse da injin matsi, ba da guduma ba. Babban notin shaf a sa sabo, a ɗaure shi a ma'aunin da littafin motar ya faɗa. In na Beljiyam za ka saya, tafi da bol ɗinka ka gwada kowane rami a gaban mai kaya kafin ka biya. Direban nan na Zariya wannan hanyar muka bi da shi, domin da muka wanke sai muka ga rami na biyu ma ya fara tafiya.

Mayar da taya

Kankare tsatsar fuskar hob da bayan rim da buroshin waya. Taya da ta zauna a kan tsatsa tana sassautowa ko an ɗaure ta daidai. Kada ka shafa giris ko baƙin mai a tiredi. Ma'aunin ɗauri na busasshen tiredi ne, mai yana sa bol ya miƙe fiye da ƙima alhali hannu bai ji nauyi ba.

Dubi ƙarƙashin kan bol ɗin. Na Volkswagen da Mercedes a zagaye yake kamar rabin ƙwallo, na BMW da yawancin rim ɗin kasuwa a zube yake kamar mazurari. Kowanne da irin rim ɗinsa. A kan bol mai kyau ko kwalinsa za ka ga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9. Bol ɗin gini ba ya shiga wannan aikin. Ƙirga zagaye yayin da kake sawa: M12x1.5 kada ya gaza shida da rabi, takwas ya fi. M14x1.5 da M12x1.25 kada su gaza bakwai da rabi. Wanda ya sauya rim na ƙarfe zuwa na alminiyam mai kauri bai sauya bol ba, haƙora uku ko huɗu ne ke ɗauke da motarsa, kuma su ne ke fara cinyewa.

Sa dukkansu da yatsu tukuna. Ɗaura kaɗan-kaɗan a gicciye, wannan sannan na gabansa, in biyar ne ka bi su kamar zanen tauraro. Sauke motar, sannan ɗaurin ƙarshe da sifanar ma'auni, mai yin ƙas idan an kai. Corolla da Camry 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan), Honda 108, Golf 3 mai bol huɗu 110, Golf 4 kuma 120. Sauran ka duba littafin motar.

Ga lissafin abin da yaron mai faci ya yi. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya tsaya a ƙarshen fayif mai tsawon mita 1, ya ɗora wa bol kusan 690 Nm, fiye da ninki shida na abin da bol ɗin Golf ke so. Ko a kan wil-sifana mai tsawon santimita 30 ya tsaya, ya wuce 200. In ba ka da sifanar ma'auni, wil-sifanar da ta zo da motar da ƙarfin hannu biyu sun isa: 110 Nm a kan santimita 30 daidai yake da danna nauyin kilo 37, ƙasa da buhun siminti. In bindigar iska ce a wajen mai facin, ka ce ya sa bol da hannu tukuna, ya ɗan matsa su da bindigar, a ƙarasa da sifana.

Kafin ka motsa, taka birki sau uku ko huɗu har ya yi tauri, tunda an cire kalifa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, tsaya ka sake bin bol-bol ɗin duka da sifana, ka fara da mai alamar fenti. In ya karɓi ƙari kaɗan sau ɗaya, ba komai. In ka sake dubawa bayan kwana biyu ka same shi ya kuma sassautowa, gyaran bai kama ba, a ajiye motar a sauya hob.